Ƙafa ɗaya da ƙarfe, ɗaya da tsohon ciwo: nazarin jinyar wani ga-ruwa a Damagaram

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara 40 da ɗoriya, mai mata ɗaya da ƴaƴa biyar, mazaunin wata tsohuwar unguwa a gefen Birni. Na sakaya sunansa, zan riƙa ce masa Malam kamar yadda uwargidansa take kiransa. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne, kine kenan a bakin mutanen gari, kuma na bi jinyarsa tun yana kwance a gadon asibiti har ya koma taka ƙasa.

Sana'arsa ga-ruwa. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san nauyin wannan aiki. Garin a kan dutse yake, ruwan ƙasa na da wuyar samu, na famfo kuma daga nesa ake jawo shi, in bazara ta kama sai wasu unguwanni su kwana su wuni famfo bai ɗiga ba. Malam ya haura shekara 15 yana tura kura mai bido goma, kowanne lita 25, wato kilo 250 na ruwa ban da nauyin kurar, cikin rairayi da hawa da gangara. A nan bayansa ya lalace. Ciwon ya fara a ƙugu, daga baya ya sauko ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya har ƙwauri, da zogi da zafi da wani tartsatsi in ya yi tari ko atishawa. An yi masa ƙaho, ya sha saiwoyi, ya sha diklofenak har cikinsa ya fara ƙuna. Sai wani abokin aikinsa ya miƙo masa tramol, wato ƙwayar rage ciwo ta tramadol.

Da rabin ƙwaya ya fara. Lokacin da hatsarin mota ya same shi yana shan mai lamba 225, wato miligiram 225, sau biyu a rana, ranar da aiki ya yi yawa sau uku, kuma duk daga hannun masu tallar magani a titi yake saye. Iyakar tramadol da likita yake yarda babban mutum ya sha a yini guda miligiram 400 ne. Malam yana tsakanin 450 da 675 kullum, shekara da shekaru, kuma ban da ƙanensa babu wanda ya sani a gidan.

Ƙarshen damina ne, da sassafe, yana tsallaka kwalta da kurarsa mota ta kwashe shi. Ƙashin cinyar dama ya karye a tsakiya, fata ba ta fashe ba. Dangi suka rabu biyu, wasu na cewa a kai shi wurin mai ɗori, wasu na cewa a bar shi a asibiti. Uwargida ta sayar da awakinta, ƴan'uwa suka yi karo-karo, aka yi masa aiki. An zura dogon ƙarfe cikin ramin ɓargon ƙashin, aka ɗaure shi da kusoshi sama da ƙasa. Zura ƙarfe cikin ɓargo dabara ce da likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara a 1939 kuma har yau ita ce kan gaba a karayar cinya. Aikin ya yi kyau, hoton ƙashi ya nuna komai ya zauna daidai.

Kafin a shiga da shi an tambaye shi ko yana shan wani magani. An tambaye shi ne mahaifiyarsa na zaune a bakin gado, kawunsa na tsaye a kansa. Ya ce a'a. A Damagaram tramol ƙwayar ƴan pale ce a idon mutane, ta yaran da suka gagari iyayensu, kuma dattijo mai ƴaƴa biyar ba zai buɗe baki gaban mahaifiyarsa ya ce shi ma yana ciki ba. Ragowar da ke aljihunsa ta kai shi har ranar aikin, daga nan ta ƙare.

Kwana ɗaya bayan aikin ya fara zufa, hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, ciki na murɗawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Aka zaci masassarar sauro ce, gwaji ya nuna babu. Aka buɗe rauni, tsaf yake. Allurar rage ciwon da ke kwantar da maƙwabcinsa na gado, shi ko gezau, don jikinsa ya saba da ninkinta. Aka fara cewa raki gare shi. Ƙanensa, da ya ga halin da yayansa yake ciki, ya fita ya sayo masa abin da ya saba sha, Malam ya haɗiye uku a tashi ɗaya, a kan allurar tramadol da aka riga aka yi masa. Da la'asar ya faɗi da jijjiga, ido ya kakkafe, ya ciji harshe. Inna ta ce iska ce ta buge shi a inda motar ta kaɗe shi. Ba iska ba ce. Tramadol in ya yi yawa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma wannan sanannen abu ne a likitance. A daren ne ƙanen ya ja majo, wato babban ma'aikacin jinya, gefe ya gaya masa gaskiya.

Ina ganin nan ne mahaɗar lamarin gaba ɗaya. Tambayar abin da majiyyaci yake sha ba a yin ta gaban dangi. A fitar da kowa, a zauna, a tambaye shi kai tsaye: tramol nawa a rana, mai wace lamba, yaushe ya sha na ƙarshe. A yi ta ba da sigar tuhuma ba, a kuma gaya masa dalili, cewa da amsar za a auna maganin da zai ishe shi. Ga-ruwa, ɗan kabu-kabu, mai fasa dutse, birkila, duk wanda jikinsa ne jarinsa kuma ya zo da tsohon ciwon baya, ya cancanci wannan minti biyar ɗin na sirri. Da Malam ya same su, da an tsara masa magani tun kafin wuƙa ta taɓa shi.

Likitan da ya karɓi lamarin ya tsayar da tramadol gaba ɗaya saboda faɗuwar. Bai bar shi haka ba, don yanke irin wannan magani farat ɗaya shi ne ya jawo zufar da murɗawar cikin tun farko. Ya yi masa morfin na ƴan kwanaki a asibiti, sannan ya mayar da shi kan ƙwayar da ta haɗa parasitamol da kodin, da sharaɗin za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har a daina. Kodin ma yana kama mutum, shi ya sa aka damƙa maganin a hannun uwargida, ita ke ƙirgawa, ita ke bayarwa. An ja mata kunne kan abu guda: tunda akwai parasitamol a cikin ƙwayar, kada ta ƙara masa wani a gefe, don jimillarsa kada ta wuce giram 4 a yini, in ba haka ba hanta ce za ta biya. Diklofenak kuwa an hana shi saboda cikinsa.

Da aka sallame shi, wahalar ta sauya fuska. Ga yadda abin yake: ƙafar dama ce aka yi wa aiki, ba a so ya ɗora mata dukan nauyinsa tukuna. Ƙafar da ya kamata ta ɗauke shi ita ce ta hagu, kuma ita ce mai tsohon ciwon. Sandunan dogarawa suna sa shi ranƙwafawa, ranƙwafawar na tayar da ƙugu. Gidan ba gado, a tabarma ake kwana, tashi daga ƙasa kuma ya gagara. Masai na tsugunno ne. Sai da aka aro gado a maƙwabta, kafinta ya huda wata tsohuwar kujera aka ɗora a kan bokiti, aka kuma gyara tsawon sandunan, don waɗanda aka saya masa sun yi masa gajarta. Waɗannan ƙananan gyare-gyare sun rage masa ciwo fiye da yadda dangin suka zata.

Duk da haka yana nishi cikin dare, kuma gidan kowa na ji. A nan maganar “aikin bai yi ba” ta taso. Hunturu ya shigo, kawunsa ya zo daga wani ƙauye a wajen Mirya da shawara a hannu. Ya ce mini: “Likita, mu dai mun ga an karɓi kuɗi, an sa wa yaro ƙarfe, ga shi har yanzu ba ya barci. Ƙarfen nan sanyi yake ja. A cire shi mu kai shi gida a ɗora.”

Ban ga laifin Kawu ba. Ya ga karaya da yawa da masu ɗori suka ɗora ta warke, kuma gaskiya ne ƙashi da kansa yake haɗewa in aka tsayar da shi wuri ɗaya. Amma cinya daban take. Naman da ke kewaye da ita yana da ƙarfin da zai ja guntayen ƙashin su hau kan juna, karare da tsumma ba sa iya riƙe su, ƙafar ta warke a gajarce ko a karkace. Ja da murza ƙafar da ke da kusoshi a ciki kuwa neman sabuwar ɓarna ne. Abin da na yi shi ne na sa Malam ya nuna wa kawunsa da yatsa inda ke hana shi barci. Ya kai hannu ƙugu, ya bi bayan cinyar hagu. Na ce: “Kawu, a wace ƙafa ƙarfen yake?” Ya yi shiru, ya ce dama. Muka fita tsakar gida da hoton ƙashin da aka ɗauka a mako na shida, na ɗaga shi a rana, na nuna masa inda sabon ƙashi ya fara taruwa kewaye da karayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ci gaba da na asibitin, amma zai aiko da man shafawa. Na ce ya aiko, a shafa a baya, kada a kai kusa da ɗinkin.

Daga ranar muka raba ciwon gida biyu, har a bakin yaran gidan: akwai na aiki, akwai na da. Na aiki yana cikin cinyar dama, mai nauyi ne, yana tashi in an taka ko an lanƙwasa gwiwa, kuma kowane mako yana ja baya. Na da yana hagu, mai zafi da tartsatsi, yana tashi in an daɗe a zaune, in an kwana ba barci, in rai ya ɓaci. Duk safiya uwargida na tambayarsa kowanne daban. Amfanin wannan rabo ya fi ƙarfin kwantar da hankali kawai. Muddin ana haɗa su wuri ɗaya, duk daren da tsohon ciwon ya tashi sai Malam ya ɗauka ƙarfen ne ya goce, ya daina motsa ƙafar kwana biyu, gwiwa ta ƙara sandarewa.

Ciwon da ya wuce wata 3 yana da suna nasa a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022, kuma ana ɗaukarsa matsala mai zaman kanta. Dalili shi ne jijiyoyin da suka shekara suna kai saƙon ciwo sukan zama masu saurin firgita, abin da bai kai ya kawo ba sai su kai shi ƙwaƙwalwa a matsayin babban ciwo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka jijiyoyin Malam suka zama. Daɗewa ana shan irin su tramol da yawa yana iya ƙara wannan firgitar maimakon ya rage ta. Shi ya sa mai tsohon ciwo yakan ji zafin aiki fiye da wanda ya shiga da lafiyayyen jiki, ko da wuƙa ɗaya ce ta yanke su. Ba raki ba ne, kuma na nanata wa dangin haka, don kalmar ta biyo shi daga asibiti har gida tana ci masa rai.

Na kuma lissafa musu abin da in sun gani ba jira. A ƙafar aiki: zazzaɓi tare da ja ko ruwa ko mugunya a ɗinki, kumburin ƙwauri mai zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, don jini na iya daskarewa a jijiya ya tafi huhu. A baya kuma: fitsari ko bayan gida ya kuɓuce masa ko ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko tafin ƙafa ya fara ja a ƙasa. Babu ɗaya da ya faru, alhamdu lillahi.

Motsa jikin kansa ba wani abin mamaki a ciki: matse naman cinya a kwance, jawo diddige zuwa ɗuwawu, ɗaga ƙafa a miƙe, zama a bakin gado a bar gwiwa ta lanƙwashe. Zama a kujera na buƙatar gwiwa ta kai digiri 90, tsugunno da zaman tahiya kuwa sun haura 130, kuma rayuwarmu a ƙasa take, daga cin tuwo har alwala. Wanda ya isa digiri 90 a wata ƙasa ana iya cewa ya warke, a gidan Malam ko rabin hanya bai kai ba.

Inda muka fi shan fama shi ne ranakun da ya tashi da sauƙi. Wata Alhamis ya ji garau, ya ɗauki sandunansa ya nufi Kasuwar Dole don ya gaisa da mutane, a adaidaita aka dawo da shi, ya kwanta kwana uku. Wannan hali ne na masu tsohon ciwo, ranar sauƙi su rama duk abin da suka rasa, sannan su biya da kwanciya. Sai muka daina bin yadda ya tashi, muka koma bin ma'auni. Mako guda daga ɗaki zuwa zaure, safe da yamma, ko da ciwo ko babu. Mako na gaba zuwa bakin lungu. Na gaba zuwa masallacin unguwa. In ciwon ya ƙaru bayan tafiya amma ya koma yadda yake kafin washegari, an yi daidai. In ya kwana ya wuni, an zarce, a koma matakin baya. Ranar sauƙi ba ƙari, ranar tsanani ba fashi. Ya ƙi jinin wannan doka da farko, musamman rabinta na farko.

Sallah ta dame shi ƙwarai. Yana ganin sallar zaune a kujera kamar ragi ce a addininsa, har ya gwada sujada tun gwiwar ba ta kai ba. Limamin unguwarsu ne ya warware wannan, ya karanto masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Daga nan sallar ta zama ma'auninmu mafi kyau: yau ya yi kabbarar harama a tsaye sannan ya zauna, wani mako ya yi raka'a guda a tsaye, wani mako ya iya ruku'u. Ya fi gane wannan a kan duk wata lamba da zan ce ya ba ciwonsa daga sifili zuwa goma.

A wata na uku ya shiga wani hali da ya tayar mini da hankali. Ya daina fita zaure, ya rage cin abinci. Uwargida ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida, babbar ƴarsu ta fara fashin lakwal don talla, kuma gidan ga-ruwa ya koma sayen ruwa. Ya ce mini: “Likita, ni da nake shayar da unguwa, yau ni ake ɗebo wa na alwala. Na zama kaya.” Baƙin ciki da rashin barci suna hura tsohon ciwo, shi kuma yana hura su, wannan ma a likitance yake. Na mayar da shi wurin likitansa. Da yake an riga an sauke shi daga kodin kuma tramol ya daɗe da barin jikinsa, likitan ya sa shi kan amitiriptilin ƙarami da dare, wanda ake bayarwa don zogin jijiya kuma yana taimakon barci. An jinkirta shi da gangan, don haɗa shi da tramadol na ƙara haɗarin farfaɗiya. Abokan sana'arsa kuma, da labari ya kai musu, suka ɗauki nauyin ajiye bido biyu a ƙofar gidan kowace safiya, kuma ba sa tafiya sai sun shiga sun zauna da shi. Yarinyar ta koma makaranta.

Ta fannin abinci ba a nemi abin da gidan ba zai iya ba: wake, gyaɗa, nono, zogale, ƙwai in an samu. Taba ce na matsa masa a kai, don tana jinkirta haɗewar ƙashi. Ya rage, bai daina ba. Da azumi ya zo yana taka ƙafar sosai, ya ɗauka, aka mayar da maganinsa bayan buɗa-baki, tafiyar kuma bayan asham.

Sau ɗaya ya koma wa tramol. Bayan ƙaramar sallah ne, ya gwada tura kurar wani abokinsa don ya ga ko zai iya, bayan nasa ya riƙe, ya aiki yaro ya sayo masa guda biyu. Shi da kansa ya gaya wa uwargida washegari, ita ta gaya mini a gabansa. Ban yi masa faɗa ba. Mun tuna masa cewa yanzu yana kan maganin dare wanda ba ya haɗuwa da tramol, kuma jikin da ya bar ƙwaya wata da watanni ba ya ɗaukar adadin da ya saba a da. Muka tsara abin da zai yi duk ranar da bayan ya riƙe: ruwan ɗumi a tsumma, kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, parasitamol bisa ƙa'ida, gajeriyar tafiya ko da daga ɗaki zuwa zaure ce, in ya wuce kwana uku a kira ni.

A wata na takwas hoto ya nuna ƙashin ya haɗe. Yana tafiya ba sanda cikin unguwa, da ɗan ɗingishi in ya gaji. Gwiwar ta kai wajen digiri 125, yana sujada, amma a zaman tahiya yana miƙe ƙafar dama gefe. Ciwon aiki ya tafi, sai ɗan tsami in gari ya yi sanyi. Tsohon ciwon yana nan, yana tashi yana kwantawa, sai dai yana barci yawancin darare. Kura kuwa likita ya ce ya haƙura da ita, saboda bayan, ba saboda cinyar ba. Yanzu wani mai famfo a unguwar ya ɗauke shi yana karɓar kuɗin ruwa, abin da yake samu bai kai na da ba, kuma doguwar zama na tayar masa da ƙafar hagu, don haka yana tashi ya zagaya duk bayan rabin awa. Kawu ya sake tayar da maganar cire ƙarfen. Likita ya ce ba a taɓa shi kafin shekara ɗaya da rabi, kuma ko a lokacin sai in yana damunsa. Abin da ke gaban gidan yanzu shi ne tara kuɗin hoton ƙashin baya, wanda likitan ya rubuta tun wata na huɗu.